Yatsun Tafinta

Na fara ganinta ranar Litinin, tara ga watan Maris, a shekarar da aka mayar da ofishina ƙarƙashin matakala. Ni ne akawun gidan talabijin ɗinmu. Duk wanda aka ɗauka aiki ta teburina yake fara biyowa in buɗe masa fayil, duk shirin da ya fita ni nake rubuta shi, duk mai kallon da ya bugo waya da koke ni nake ɗauka. Ta zo da safe, ta tsaya a bakin ƙofa, don kujerar baƙi ta daɗe da karyewa. Gajera ce, siririya, ba ta kai talatin ba. Abin da na fara lura da shi hannuwanta ne. Tana amsa tambayoyina da baki, yatsunta kuma suna tasu hirar a gaban ƙirjinta, kamar yaran da aka hana surutu suka ƙi ji.

"Wane aiki zan rubuta?" na tambaye ta.

"Tafinta."

"Daga wane yare zuwa wane?"

"Daga baki zuwa hannu. Malam Akawu, rubuta tafinta kawai, layin naka ba zai ɗauki bayani ba."

Haka na rubuta, kuma haka kowa ya riƙa kiranta har ta bar wurin.

Abin da na sani na rayuwarta kafin ta zo, a hankali na tattara shi, yawanci lokacin abincin rana, domin ofishina ne kaɗai babu mai leƙowa. Iyayenta duka biyu kurame ne. Mahaifiyar ta rasu tana ƙarama. Mahaifin kafinta ne, yana da shago a bayan tashar mota, su biyu suke zaune a ɗakunan da ke jikin shagon. Ta ce ta iya magana da hannu kafin ta iya da baki, bakin ma a wurin matan maƙwabta ta tsince shi. Tun ba ta kai tsayin teburin aikin babanta ba ita ce bakin gidan. Ita take gaya wa likita inda yake yi wa Baba ciwo, ita take gaya wa mai gidan haya cewa rufi yana yoyo, ita kuma aka bar wa isar da saƙon matar da ta ce ƙofar kabad ɗin da ya yi mata a karkace take.

"Kika gaya masa haka kai tsaye?" na ce.

"Ina! Cewa na yi ta yaba aikin, ƙasan ɗakinta ne ba daidai ba. Tun ina yarinya nake gyara wa mutane baki."

"Ya yarda?"

"Ya dubi fuskata, ya ɗauki guduma ya bi matar."

Aikinta a wurinmu shi ne labaran yamma. Tana tsayawa a gefen ɗakin labarai, gaban wani shuɗin labule, a kan akwatin katako da babanta ya haɗa mata don ta yi daidai da kyamara. A allo kuwa tana fitowa a kusurwar ƙasa ta dama, wurin da bai fi tafin hannu ba. Sauran allon duk na Mai Karanta Labarai ne, wanda yake kiranta 'yar haya.

"Ke 'yar haya," yakan ce kafin a kunna fitila, "a kusurwar gidana kike, yau a rage fiffita."

"Maigida, kai dai yi ta magana, ni zan gaya musu abin da kake nufi."

Durowar teburina ce ta kai ni shagon babanta. Ta maƙale, Tafinta ta tafi masa da ita, ni kuma na biya karɓowa wata ranar bayan an tashi, daidai lokacin labarai. Shagon dogo ne mai ƙunci, ko'ina dusar katako. Talabijin tana kan kanta sama da inda ake rataye zarto, babu sauti ko kaɗan. Mutum sun fi goma a kan benci da guntayen katako, da tela, da mai wanki da guga, da wata mata mai sayar da gawayi, da wani tsoho mai faci, dukkansu kurame. Baba yana tsakiya, mai faɗin kafaɗa, kansa fari fat. Ya miƙo mini hannu, ya nuna mini wurin zama, bai sake kallona ba, don 'yarsa ta fito.

Na san labaran ranar, tunda ni na shigar da takardarsu. Akwai jawabin wani jami'i cewa za a gyara hanyar kasuwa nan ba da jimawa ba. Ana zuwa wurin sai shagon ya fashe da dariya, mai faci har da dukan cinya. Ni ban ga abin dariya ba. Da labarai suka ƙare kuma, kafin a nuna yanayin sama, Baba ya miƙe, ya kunna risho, ya ɗora buta.

Washegari na tambaye ta duka biyun. Ta ce ba ta ƙara wa jami'in ko kalma ɗaya ba, gira kawai ta ɗaga ta ɗan kumbura kunci a kan "nan ba da jimawa ba". A maganar hannu, in ji ta, hannu rabin zance ne. Sauran yana gira, da leɓe, da saurin motsi, da yadda yatsa ya ɗan karkata. Batun buta kuwa sai da ta sa na yi alkawarin ba zan shigar da shi fayil ba. A ƙarshen kowane labarai, in ta yi alamar sai gobe, takan taɓa haɓarta da ƙaramin yatsa, taf-taf, da sauri. Ba ya cikin maganar kowa, nasu ne su biyu tun tana 'yar makaranta. Ma'anarsa: Baba, ɗora ruwa, ga ni nan tafe.

A shekara ta shida da zuwanta aka sauya yadda ake aika hoto. Hanyar da a da tasharmu kaɗai take bi zuwa gidajen mutane, yanzu tashoshi da yawa ne za su raba ta, don haka sai an matse hoton kowa kafin a tura. Aka kawo na'urar matsi, baƙa, ba ta fi akwatin tafiya girma ba, aka girka ta a ɗaki mai sanyi. Injiniya ne yake kula da ita, mutum mai jiki da haƙuri, wanda ba ya iya bayani sai da biro da bayan takarda. Ranar da aka kunna ta kowa ya yaba. Hoto ya washe, yayyafin nan da yake sauka a allo in ana iska ya ɓace. Mai Karanta Labarai ya ce bai san yana da kyau haka ba.

Da safe Tafinta ta shigo ofishina.

"Malam Akawu, an kawo koke jiya?"

Na duba. "Babu. Yabo ma aka bugo aka yi."

"Ta ina koken yake zuwa?"

Na nuna mata wayar da ke kan teburina. Ta dubi wayar, ta dube ni.

"To wa zai bugo? Baba?"

Ta ce ta koma gida ta tarar da risho a kashe, buta a sanyaye. Baba yana zaune ya juya wa ƙofa baya, wanda a wurin kurma daidai yake da toshe kunne. Da ta zagaya gabansa, ya tambaye ta laifin da ya yi mata da ba ta ce a ɗora ruwa ba. Ta rantse ta yi alamar. Ya ce shi bai ga yatsa ba, wani dunƙule ya gani ya gitta ta gefen fuskarta. Sauran mutanen shagon ma rabin labaran ne suka kama.

Muka hau sama tare wurin Injiniya. Bai musa ba. Ya kunna allo biyu, ɗaya hoton kafin ya shiga na'ura, ɗaya bayan ya fito, ya jawo takarda.

"Kin ga, ƙanwata, na'urar nan ba ta aika hoto ɗigo-ɗigo. Yanka shi take yi gida-gida, kamar tayil ɗin ƙasan nan. Kowane gida sai ta mayar da shi jerin lambobi. Lambar farko ta ce gidan nan haske ne ko duhu. Ta biyu ta ce wannan gefen ya fi wancan duhu. Haka har a kai na ƙarshe, masu riƙe da siraran layuka, irin gashin gira, ko ratar da ke tsakanin yatsa da yatsa. Su na ƙarshen nan ƙanana ne. In wuri ya yi kaɗan sai ta mayar da su sifili ta zubar, don ido ba ya lura."

"Idon wa?" ta ce.

Ya ajiye biro. "Idon wanda kunnensa yake taya shi."

Ya ci gaba da cewa na'urar ba ta sake aika abin da bai motsa ba, abin da ya canza kaɗai take turawa. "Wancan mutumin," ya nuna Mai Karanta Labarai a allo, "leɓensa ne kawai yake motsi, na'ura tana ƙaunarsa. Ke kuwa kafin a ƙifta ido hannunki ya bar gida ya shiga wani. Ke kaɗai kin fi shi da teburinsa da taswirar bayansa cin wuri."

"Ka ji, Malam Akawu? Ashe ni ce mai cin wuri. Ni da nake raɓe a kusurwa."

Ya nemo ƙarshen labaran jiya, ya rage gudun hoton. A allon hagu ƙaramin yatsa ya tashi ya taɓa haɓa. A na dama hannun ya zama wani abu mai kusurwa huɗu, kamar an naɗe shi da tsumma, ya je kusa da fuska ya dawo.

Ya kamata in bayyana yadda ake auna ingancin na'urar, domin ni nake buga rahoton kowane wata. Ana ɗaukar hoton asali da wanda aka matse, a auna bambancinsu a kan allon gaba ɗaya, a fitar da lamba guda. Kusurwar Tafinta ƙarama ce. Ko ta dagule duka, da kyar lambar take motsawa. Don haka rahoton yana cewa komai lafiya, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Injiniya ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan na gani da idona. Ya sa na'ura ta riƙa yanka ƙananan gidaje a wurin hannuwan, sai labulen bayanta ya fara rarrafe kamar tururuwa. Ya ƙara wa kusurwar kaso, sai fuskokin manya suka riƙa fitowa dabbare-dabbare in ana nuna taro, aka kira shi sama aka ce ya mayar yadda take. Da ya samu wani tsari da ya ɗan yi dama-dama, sai ya gano kamfanin da yake ɗaukar hotonmu zuwa gidaje yana sake matse shi da tasa na'urar, wadda ba ta san da wata kusurwa ba. Ya rubuta musu. Suka amsa da ladabi cewa lambobinsu suna cikin ƙa'ida.

Daga ƙarshe ya gaya mata, kansa a sunkuye, cewa abu uku na'urar take so: babba, mai tafiya a hankali, mai launi ɗaya.

Da wata ce ta ji haka, da ta yi fushi ta bar zancen. Ita kuwa aiki ta ɗauke shi. Kullum da rana, kafin ɗakin labarai ya cika, sai ta hau akwatinta, Injiniya ya juyo mata allon bayan matsi, ta riƙa yin alama tana kallon abin da ya tsira. Wadda ta fita lafiya ta riƙe, wadda ta dagule ta sake mata fasali. Ta daina sa atamfa mai zane, ta koma baƙar riga mara ado. Ta cire zobe da 'yan kunne. Alamun da ake yi da kan yatsa ta mayar da su na dukan hannu tun daga kafaɗa. Ta gano cewa in hannu ya tsaya cak na ɗan lokaci, na'ura tana samun sararin cike yatsun, sai ta riƙa tsayawa a ƙarshen kowace alama.

Amma tsayawa tana cin lokaci, Mai Karanta Labarai kuwa ba ya jiran kowa. Dole ta fara zubar da kalmomi. Ta fara da "wataƙila", sai "wai", sai "an ce", sai sunan wanda ya faɗa. Gira da kunci ta bar su, tunda ba sa isa ko ta yi. Wata rana ta tsaya a gaban teburina ta yi mini labarin hanyar kasuwa, wanda har lokacin ake maimaitawa, tana fassarawa da baki.

"Hanya. Gyara. Kusa." Ta sauke hannu. "Ka ji? Babu wai. Yanzu ni ce nake yi musu alkawarin."

Alamar buta ma ta sake ta. Ta mayar da ita ɗaga dunƙulen hannu zuwa kafaɗa. Baba ya gani, ya ɗora ruwa. Amma tela ma ya gani, mai gawayi ma ta gani, suka yi ta tambayar wace sabuwar kalma ce wannan. Baba ya ce mata abin da kowa yake gani ba nasa ba ne, ta bari kawai, shi ya san lokacin dawowarta. Ta bari.

Bayan kamar shekara biyu aka kawo sabuwar na'ura mai sabon tsarin lissafi. Wannan tana iya yanka manyan gidaje a inda babu komai, kamar labule, ta ajiye ƙanana don inda ake buƙata, kuma tana fitar da hoto iri ɗaya a kusan rabin wurin da tsohuwar take ci. Ban taɓa ganin Injiniya yana gudu ba sai ranar. Ya gangaro matakala har ƙura tana zubo mini a kan takardu.

"Akawu, ina ƙanwata? Yatsu sun dawo. Har da ƙaramin."

Da yamma ta taɓa haɓarta, taf-taf. Washegari ta shigo ta ce mini shayin ya yi zaƙi da yawa, Baba ya ruɗe ya zuba sukari sau biyu. Ta fito da rigarta mai furanni. Ta ce hannun yana ɗan yi mata nauyi, amma zai warware.

Bai samu lokacin warwarewa ba. Makonni kaɗan bayan haka aka raba rabin hanyar da ya rage wa sababbin tashoshi biyu, ɗaya ta tallace-tallace, ɗaya ta wasanni. Aka rage mana kaso har hotonmu ya koma daidai inda yake a da, lambar rahoto ma ta koma mazauninta. Ita da Injiniya suka je wurin Manaja, ni ma ina ciki don rubuta abin da aka tattauna.

"Ranka ya daɗe," in ji Injiniya, "duk wurin da na samo, kafin in juyo an jibge wa wani kaya a ciki."

"Hanyar ba tawa ba ce," in ji Manaja. "Ba ni nake rabo ba. In na je na ce a ƙara mana, za su ce ina shaida. Rahotonka ya ce lafiya. Akawu, akwai koke?"

Na ce babu wanda ya bugo. Na ƙara da cewa waɗanda abin ya shafa ba sa iya bugowa, na kuma rubuta hakan. Manaja ya ce su rubuto. Tafinta ta ce yawancinsu ba a sa su makaranta ba, shi ya sa ma ake da ita.

"'Yata, ban ƙi ta taki ba," ya ce. "Ki ci gaba da yadda kika saba, ai naki yana fita."

Ta mayar da rigar furanni akwati.

Na sake zuwa shagon a wannan shekarar, da ƙafar kujera a hannuna. Mutum huɗu na tarar. Matasan cikinsu sun daina zuwa. Mai gawayi tana gyangyaɗi. Babu wanda ya yi dariya daga farko har ƙarshe. Baba yana kallo, amma da guntun katako a cinyarsa yana gogewa, sai jifa-jifa yake ɗaga kai, kamar mai duba ko hadari ya taso. A kusurwar allo wata mata cikin baƙar riga tana ɗaga hannu tana tsayawa, tana ɗagawa tana tsayawa, fuskarta a shafe. Kowace alama ta fito tsaf.

Ita da kanta ta fara gaya mini abin da ya biyo baya. Tana cin abinci a ofishina, sai ta ajiye cokali ta dubi tafukanta.

"Malam Akawu, hannuna ya koyi tsoro."

Ta ce ko a gida, tana gaban Baba, babu kyamara babu labule, sai ta ga ta tsaya a ƙarshen alama tana jiran na'ura. In za ta ce gishiri ya ƙare, tun daga kafaɗa take ɗaukowa. Baba ya fara tsokanarta yana kwaikwayonta, yana kiranta mai ba da hannu a titi. Daga baya ya daina tsokanar. Hirarsu ta dare da ta safe ta koma ta abinci da magani da wanda ya zo karɓar aiki. Ta ce tana tsayawa gaban madubi tana neman girarta ta da, in ta ɗaga sai ta ga kamar wata ce take kwaikwayonta.

Na ce mata gajiya ce, ta nemi hutu. Ta ce in ta tafi hutu kusurwar za ta zauna babu kowa, kuma in aka saba ganinta babu kowa shi ke nan.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da Baba, na shekarun shaƙar dusar katako. Na je duba shi asibiti wata Asabar da hantsi, na tarar likita yana zagaye. Ɗakin mai gado takwas ne, nasa yana jikin bango. Ya rame, an ɗaura masa ruwa a hannun hagu, don haka da hannu ɗaya yake magana, a kan bargo, ƙanana-ƙanana, yatsun suna ɗan motsi kamar mai tsince shinkafa. Likita ya ja Tafinta gefe ya yi mata magana a hankali. Ina kusa, na ji. Ya ce babu sauran abin da za su iya, sai dai a rage masa wahala.

Ta dawo bakin gado. Baba ya ɗaga haɓa yana tambaya. Ta gyara tsayuwa, ta ɗauko hannu tun daga kafaɗa. Ko ni da ban iya ba na gane, don na sha ganinsu a allo. Magani. Sha. Sauƙi. Tana tsayawa bayan kowacce.

Ya daɗe yana kallon fuskarta. Sannan ya kama wuyan hannunta ya sauke shi ƙasa, ya yi wasu 'yan alamu a kan bargon. Ta gyaɗa kai, ta sake gwadawa. Na ga girarta tana rawa, ta ɗaga, ta faɗi, bakinta ya ɗan motsa. Hannun kuwa ya sake tashi zuwa kafaɗa ya tsaya cak, shi kaɗai, yana jira. Baba ya saki wuyan hannun. Ya juya a hankali, robar ruwan tana binsa, ya fuskanci bango.

A baranda na tambaye ta abin da ya ce.

"Ya ce wannan labaran yamma ne. In gaya masa da fuskata ta gida." Ta jingina da ƙarfen baranda. "Duk rayuwata ina yi masa ƙarya da hannu, fuskata tana gaya masa gaskiya. Shi ya sa bai taɓa jin haushin ƙaryata ba. Yau ya duba bai ga komai ba."

"To ki koma ki gaya masa yadda likita ya faɗa."

"Da wane hannu? In ce masa: Kai. Mutuwa. Kusa?"

Ta duba agogon bango, ta ce bari ta je ta goge baƙar rigarta, akwai labarai da yamma.

Ya rasu a cikin makon. Ta ce ya ci gaba da karɓar ruwa da magani daga hannunta, yana shafa kanta, amma bai sake tambayarta komai ba.

Ba a yi shekara ba aka cire kusurwar. An yi binciken masu kallo, aka samu kusan babu mai bin ta. Aka maye gurbinta da rubutu mai gudu a ƙasan allo, wanda na'ura ba ta shan wahalarsa. Tela, wanda shi kaɗai ya ɗan iya karatu a mutanen shagon, ya ce kafin ya haɗa kalma ɗaya uku sun wuce. A watan da ya biyo baya aka buƙaci ɗakin ajiya, sai aka matse tsofaffin kaset-kaset na labarai aka zuba su a kwamfuta, aka zubar da na asalin. Na roƙi Injiniya ya buɗe mini ɗaya daga shekararta ta farko. Muka kalli ƙarshensa tare. Tana nan da rigarta mai furanni, ta yi alamar sai gobe, sannan wani dunƙule ya gitta ta gefen fuskarta. Injiniya ya kashe allon, ya ce yana da aiki a wurin janareta.

An ba Tafinta aikin buga rubutun mai gudu. Ta yi wata biyar tana yi, sannan ta ajiye aiki ranar talatin ga watan Yuni, na rufe fayil ɗinta. Akwatin katakon ta bar shi, yana ofishina, baƙi suna zama a kai. Shagon an ba wani mai gyaran waya haya, ita kuma ta koma ɗaki ɗaya kusa da asibitin da babanta ya rasu, inda ta samu aiki a sashen wanki, tana ninke zannuwan gado. An ce in an kawo kurma mara lafiya wani lokaci ana kiranta, takan je ta fassara, ta koma bakin aikinta. Na haɗu da ita a bara a bakin ƙofar asibitin. Mun gaisa, ta tambayi Injiniya da Mai Karanta Labarai, ta ce tana nan lafiya. Duk tsawon tsayuwarmu hannuwanta suna cikin aljihun rigar aiki.